Shekarar Kyanwar Daji

Ku 'ya'yana, akwai maganar da ta daɗe tana yawo a kaina a garin nan, har ta yi furfura tare da ni. Wai ni na ƙwace wuƙa daga hannun babanku, na zaunar da shi a gindin bango. Ban taɓa tanka wa kowa ba, don bakin mutane ba ƙofar ɗaki ba ne balle a ja a rufe. Amma ran sunan ɗiyar ɗan'uwanku Bashir ina zaune ina jin wata tsohuwa, da ko haƙorin kirki babu a bakinta, tana raɗa wa jikata wannan zance, yarinyar kuwa ta waiwayo ta yi mini wani irin kallo. Abin ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba. Shi ya sa na ce bari in faɗi yadda aka yi tun ina da sauran numfashi, wanda ya ga dama ya yarda.

A lokacin muna unguwar Ambassatna, a gidan nan mai darbejiya a tsakar gida, wanda babbanku ne kaɗai zai iya tunawa. Babanku majemi ne ɗan majemi, mutumin Haɗeja, ya biyo fata ya zo Injamena tun yana saurayi, garin kuma ya riƙe shi. Ni kuwa haihuwar nan ce, 'yar mahauta gaba da baya. Mahaifina ya riga ya rasu, Inna kuma ɓarin jikinta ya shanye, tana kwance a ɗakin da ke jikin nawa, ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu a baki. Idan na rufe ido yanzu, gidan nan nake gani da hantsi: warin bagaruwa yana tashi daga kwatarniya, fatu a shanye a kan igiya iska tana kaɗa su, ku kuna rarrafe a ƙarƙashinsu, Inna tana faɗa daga ɗaki da Hausarta mai gauraye da Larabci a kan an bar kaji sun shiga mata. Shi kuma yana duƙe a kan gungumen itace yana kankare fata da kartaji, yana 'yar waƙarsa ta hanci wadda har ya koma ga Allah ban san farkonta ba.

A shekarar nan ne idonsa ya fara tafiya. Da farko cewa ya yi ɗakin aiki ya yi duhu, ya fito da komai tsakar gida. Daga baya na ga yana zuba shayi a gefen kofi, yana kuma yi kamar da gangan ya yi. Muka je lopital, wato asibiti, a ɓoye, likita ya haska, ya sake haskawa, ya ce ba yana ba ce balle a cire, jijiyar ce ke mutuwa. A hanyar dawowa babanku ya ce in rufe bakina, ko Inna kada ta ji. Na rufe. Fatar akuya da ta saniya ba su tona masa asiri ba, don hannunsa ya haddace su. Masallaci yana bin bango ya je, mutane kuwa da murya yake gane su, ya riga su yin sallama.

Wanda muke tsoro shi ne Baffanku Ɗanjuma, yayan babanku, wanda bai daɗe da zuwa daga Najeriya da fataucin atamfa ba, ya sauka a unguwar Habbena. Tun da mahaifinsu ya rasu shi ne uba, babanku ko ido ba ya haɗawa da shi. Matarsa ce ta ja ni gefe a gidan wani biki ta ce mini Yaya ya fara zargi, ya kuma rantse ranar da ya tabbatar idon ƙanensa ya tafi, zai kwashe shi da 'ya'yansa ya mai da su Haɗeja, inda akwai dangin da za su ci da su. Ba mugunta ba ce, a wurinsa zumunci ne. Amma Inna ko zaure ba a iya fitar da ita, balle a tsallaka ruwa da ita zuwa wata ƙasa, kuma ba ta da wata 'ya mace sai ni. In na bi ku, na bar uwata ta mutu a hannun maƙwabta. In na zauna da ita, an tafi da ku, don 'ya'ya na uba ne. Da wannan nake kwana, da shi nake tashi.

Ran nan da kaka, bayan azahar, sai ga Yaya Ɗanjuma ya sauko daga kan babur da buhu a kafaɗa. Ya zazzage shi a gindin darbejiya, wata dabba ta zubo ta miƙe a ƙasa. Kyanwar daji ce, ta ninka ta gida biyu. Wani abokinsa maharbi ne ya harbe ta da safiyar nan, wai ta ƙarar masa da zabbi, a can gabas inda unguwarmu ta Atrone take yanzu. A lokacin babu komai a wurin sai doguwar ciyawa da ruwa kwance, wataƙila ma a daidai inda gadona yake a yau ta faɗi.

"Sale, ga aiki na kawo maka," in ji Yaya. "Ina son ta ɗungurungum, fiɗar burgami, ba tsaga a ciki. Da kunnuwanta, da faratanta, da gashin bakinta. Irin jakar da Baba ya yi wa sarkin baka, ka tuna?"

"Na tuna, Yaya."

"Madalla. Ni zan zaga wajen 'yan atamfa, mu haɗu a masallacinku da la'asar."

Bai dubi kyanwar ba yana maganar, fuskar ƙanensa yake kallo. Ni da nake leƙe daga madafa na san ba jaka ce ta kawo shi ba.

Da ya fita, babanku ya ce in sa sakata, in kai ku ɗakin Inna. Ya durƙusa ya shafa dabbar tun daga wuya har wutsiya, ya kama fatar cikinta ya murza tsakanin yatsu biyu. Fiɗar burgami ita ce a zare dabba daga cikin fatarta ta ƙafafun baya kamar yadda ake cire safa, fatar ta fito ba ko huda ɗaya. A jikin akuya wasa ne a wurinsa. Amma fatar kyanwar daji kamar ɓawon albasa take, wuƙa ta kauce kaɗan ta ɓula, ga zafin kaka ba ya jira, in aka yi jinkiri gashin ya fara zuba. Ya wasa ƙaramar wuƙarsa, ya ɗora bakinta a cinyar baya, ya tsaya.  Ina jin kukan kurciya a saman darbejiya, ina kuma kallon gumi yana ɗiga daga gemunsa. Sai ya juya wuƙar, ya riƙe bakin, ya miƙo mini ƙotar.

"Hanne, hannuna ya san hanya, amma wannan aikin ido yake so. Karɓi."

"Malam, mace ba ta fiɗa. In kawunnaina suka ji..."

"To ki je ki fara ɗaure wa yaran kaya."

Na karɓa. Ku ji da kyau, ku kuma faɗa wa 'ya'yanku: miƙo mini aka yi, ƙota ta gaba.

Kafin in taɓa ta ya ce in yago tsumma in ɗaure mata fuska. Maharba sun ce naman daji mai farauta yana da ƙwari, wanda ya yi fiɗa yana kallon idonsa, to, idon zai bi shi har cikin barci. Na ce shi fa? Ya yi dariya ya ce ai a wurinsa ta makara, an riga ta. Wannan ce dariyar farko da na ji ya yi a kan idonsa, ni kuwa sai hawaye, ya ce in share kada gishirin ya riga lokacinsa zuwa kan fata.

Muka fara. Ya ɗora hannunsa a bayan nawa, na ja wuƙa daga diddigen ƙafa ɗaya, na bi cikin cinya na tsallaka zuwa ɗayar. Daga nan ya ce in ajiye ƙarfe, sauran aikin na babban yatsa ne. Ina turawa a hankali, fatar tana rabuwa da nama da wani ɗan sauti kamar ana yage tsohon zane, jikin da ɗumi har yanzu. Yana tambayata me nake gani, in ce farar yana, ya ce tura. In ce ja-ja, ya ce tsaya, nama ne, koma baya. Wutsiya ya tsaga kara ya matse ƙashin, muka ja tare, ta zare sumul. A yatsun ƙafa ya nuna mini gaɓar ƙarshe inda ake yankewa don farce ya zauna a jikin fata. Ban san lokacin da tsoro ya sake ni ba. Na daina jin kukanku, na daina jin kurciya, duniya ta ragu ta zama faɗin tafin hannuna. Muna kaiwa ƙirji aka kira la'asar. Dole ya tafi, don Yaya yana can yana jira, in bai gan shi ba zai biyo sawu. Ya wanke hannu, ya bar ɗan jini a bakin rigarsa don a gani, ya ce kada in taɓa komai sai ya dawo.

Amma fa na zauna ina kallon fatar tana bushewa a kafaɗu, ta manne ta ƙi motsi, ƙudaje sun fara taruwa, ga salla da gaisuwar Yaya ba a san ranar ƙarewarsu ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun ina yarinya nake leƙen mahaifina yana fiɗar rago: ya ɗan tsaga fata a ƙafa, ya zura tsinke ya buɗe hanya, ya kafa baki ya hura har ragon ya kumbura, fatar ta saki da kanta. Ban yi shawara da kowa ba, hannuna ne ya yi. Na ɗaga ƙafarta ta gaba, na yi 'yar tsaga ta ciki wadda ba ta fi ƙwayar wake ba, na zura tsinken tsintsiya, na sa bakina. Warin ciyawa da ruwan tafki na ji, ba warin mushe ba. Na hura. Ƙafar ta cika, kafaɗa ta tashi, ƙirjin ya ɗago a hankali, da na saki kuma ya sauka. Na sake hurawa, ya sake ɗagowa. Wallahi sai na ga kamar numfashi take yi da numfashina, kamar in na ƙara ɗaya za ta miƙe ta girgiza tsumman nan ta haura katanga. Tsakar gidan ya yi tsit, hasken yamma ya zubo ta cikin ganye ya kwanta a kanmu, na rasa ko a Ambassatna nake ko a cikin ciyawar da aka ɗauko ta. Da na dawo hayyacina na bubbuga kafaɗun da tafin hannu, na ja, fatar ta biyo ni har wuya ba gardama.

Babanku ya dawo ya shafa, ya ce ashe ta saki, bai ƙara komai ba. Muka gama kai tare, nan ne aikin ya fi wuya: gindin kunne, fatar ido, leɓe da gashin baki, ina yanka kamar mai tsifar kan jariri. Naman muka haƙa rami a bayan gida muka binne, don ba a cin mai farauta da haƙori. Da na shiga juya Inna, ta kama haɓata da hannunta mai lafiya ta shinshina.

"Ke, wannan bakin me ya taɓa? Warin kadade nake ji." Haka take kiran daji da Larabcinta.

"Ba komai, Inna."

"Ba komai? Na zauna da ubanki har ya mutu, na san bakin da ya hura fata. Kalas, shi ke nan, je ki kurkure da toka, Allah ya rufa asiri."

Jimar kuwa shi ya yi abinsa, don wannan aikin hannu ne. Aka juya fatar ciki ya koma waje, ya kankare kitse, ya cuɗa ta da gishiri, aka rataye a inuwa don rana tana ƙona gashi. Bayan ta sha iska, ya riƙa shafa mata ruwan bagaruwa ta gefen nama kawai, ya bi da man gyaɗa, ya ja ta a jikin sulɓaɓɓen itace safe da yamma har ta yi laushi. Kunnuwa ya cusa musu auduga suka tsaya. A kwanakin nan, duk lokacin da na ɗan kishingiɗa bayan azahar sai in gan ni cikin doguwar ciyawa a bakin kogin Shari, tana tafiya a gabana ba ta waiwaye, ciyawar tana buɗe mata tana rufewa. Ba ta taɓa tsorata ni ba. Wani lokaci in ga Inna tana tafe a gefena da ƙafafunta biyu, wani lokaci in ji muryoyinku a ƙetaren ruwa kuna kirana, sai in farka. 'Yar tsagar nan kuwa na yi shiru a kanta. Gashi ya rufe ta, na ce a raina ba mai gani.

Ranar da Yaya Ɗanjuma ya zo karɓa, na shimfiɗa musu tabarma a gindin darbejiya na koma bakin madafa. Ya ɗauki fatar ya ɗaga ta sama, ya zura hannu ciki har wuya, ya duba kunne, ya ƙirga farata da yatsa, ya hura gashin baki. Na ga kafaɗunsa sun sauka, har ya fara murmushi. Sai ya bi ƙafar gaba da yatsa, ya tsaya. Ya buɗe gashin, ya zura ɗan ƙaramin yatsansa.

"Sale, a gidanmu ba a hura fata. Baba ya sha cewa majemin da ya sa baki, hannunsa ne ya gaza. Wannan bakin mahauci ne."

Na miƙe daga bakin madafa. Na buɗe baki zan ce maharbin ne, ko ƙaya ce, ko wani abu, babanku ya riga ni.

"Bakin mahauci ne, Yaya. Idon ma na mahauci ne. Nawa sun tafi, ko fuskarka ba na gani."

 Yaya ya sunkuyar da kai, ya ja bakin rawaninsa ya share fuska. Sannan ya sake ɗaukar fatar, ya juya cikinta waje, ya bi ta taƙi-taƙi a hasken rana yana neman huda ta biyu ban da ta harbi. Bai samu ba.

"Na riga na yi magana da mai mota," in ji shi, ba ya kallon kowa. "A Haɗeja akwai tuwo, akwai mai ja maka sanda. Amma babu wanda zai zauna ka koya masa wannan a yini ɗaya." Ya juyo wajena, karo na farko tun da aka kawo ni gidan. "Hanne, za ki iya riƙe su?"

"Da yardar Allah, Yaya."

"To ku zauna. Amma ni ba na ƙarya. Duk wanda ya ga jakar nan ya tambaye ni wa ya feɗe, zan faɗa."

Ya kuwa faɗa. Kafin Juma'a ta zagayo, daga mahauta har 'yan fata kowa ya ji. Kawunnaina suka aiko cewa na zubar musu da mutunci, babban cikinsu har ya mutu bai ƙara cin abincin hannuna ba. Mata suka sa mini Hanne mai wuƙa, a gidan biki in na zauna a ɗan matsa. Wasu masu kawo fata suka ɗauke ƙafa, wasu suka zo don kallo, suka ga aiki suka zauna. Wanda ya fi ci mini rai shi ne yadda a hankali aka daina cewa gidan Sale majemi, aka koma cewa gidan Hanne, yana zaune yana ji. Ban so haka ba, ban kuma iya hanawa ba. Amma a hannuna Inna ta cika, a ɗakinta, ku kuma a gabana kuka girma, ba wanda ya tsallaka ruwa da ku.

In koma wannan yammacin. Da Yaya ya fita da jakarsa a hammata, na zo na durƙusa a gefen tabarma na ce ya yafe mini, ni na tona mana asiri da bakina, ga shi na ɓoye masa.

"Wane ɓoyo?" in ji shi. "Tun ranar farko na ji ta, ina dawowa daga masallaci. Fatar da na shafa safe da yamma za ta ɓoye mini huda? Ɗinki biyu ne da siririyar jijiya zai rufe ta, ko Baba ya taso ba zai gani ba. Har na zura allura, na ajiye."

"Don me, Malam?"

"Na gaji, Hanne. Makanta ba ta gajiyar da ni kamar yadda riyar gani ta gajiyar da ni ba. Bakina ba zai iya faɗa wa Yaya ba, sai na bar naki ya faɗa."

Na ce in da ya kwashe ku fa? Ya ce ya san ɗan'uwansa, in ya ga aiki ba ya iya take shi. Na so in yi fushi, don da 'ya'yana ya yi wannan caca, amma na dubi fuskarsa na ga ta saki, irin sakin da rabona da gani tun kafin damina. Ya jingina da darbejiya, ya laluba ya kama gefen zanena.

"Yanzu tunda ba sauran kunya, faɗa mini. Wace kala ce?"

Sai a lokacin na tuna ya yi makonni yana juya fatar nan a cinyarsa, yana yaba kyanta a gaban baƙi, bai taɓa ganinta ba, bai kuma iya tambaya ba. Na zauna na ce masa bayanta ruwan zuma ne, cikinta fari kamar nonon da aka tatso yanzu. Na ce ɗige-ɗigen baƙi ne sun watsu ko'ina, manya a gadon baya, ƙanana a ƙafafu, a wuya kuma sun haɗe sun zama layi-layi sun gangaro kafaɗa. Na ce bayan kunnuwanta baƙi ne da farin tabo a tsakiya, wutsiyar kuma zobe-zobe har ƙarshe. Ya rufe idanunsa yana ji, yana gyaɗa kai.

"Sannu-sannu," in ji shi. "Koma kan kunnen, ban gama gani ba."